ZAƁEN MAKARANTAR LIKITA: A DUBI ƘARSHEN HANYA TUN DAGA FARKONTA

Kwanan baya wani dattijo daga wajen Baure ya same ni a ofis, ɗansa na biye da shi riƙe da takardun jarrabawa. Bayan mun gaisa sai dattijon ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan likita ya ke so ya zama, malamansa kuwa sun ce yana da kai. Wani mutum ya zo mini ya ce in na ba da kuɗi zai samo masa makaranta a ƙetare, ba sai an sha wahalar jarrabawa ba. Ina da gonar fadama guda da bijimai biyu. In sayar?"

Na tambaye shi sunan makarantar. Ya dubi yaron, yaron ya sunkuyar da kai. Daga uban har ɗan, ba wanda ya san kome game da ita sai sunan ƙasar da ta ke. Na ce, "Baba, kada ka sayar da ko kaza tukuna. Zauna mu yi lissafi."

Wannan lissafin da muka yi ran nan shi na ke so in shimfiɗa a nan. Da malaman makaranta na ke magana, da akawunan ofisoshin ƙananan hukumomi da na masarauta, domin ku ne manomi ya ke fara tuntuɓa in takarda ta shige masa duhu, kuma abin da kuka faɗa masa shi zai ɗauka. A duk ƙananan hukumomi 5 na ƙasar Daura, watau Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, yaron da ke nufin zama likita lalle ne ya bar gida. Jami'ar da ke Daura ta harkar sufuri ce, makarantar koyon aikin lafiya ta garin kuwa ma'aikatan kiwon lafiya ta ke fitarwa. Tun da barin gida ya zama tilas, sauran magana ita ce ina za a dosa.

YADDA A KE ZAƁE YANZU

Na lura hanyoyi huɗu ne yaranmu su kan bi. Waɗansu suna su ke bi: yaro ya ji an ce makaranta kaza ita ce uwa, sai ya rantse ko ita ko ba kome, ya yi ta zana jarrabawa shekara uku yana faɗuwa a ƙofa ɗaya. Waɗansu aboki su ke bi, inda ya rubuta nan su ma za su rubuta. Waɗansu kuwa sai sun zauna gaban mai shagon kwamfuta ran cika fom ɗin JAMB, mutane na jira a layi, sa'an nan a tambaye su wace jami'a, su ce, "Sa mini wadda ka ga ta dace." Na huɗu su ne masu faɗawa hannun dillalai, irin wanda ya je wa dattijon nan.

Abin da ya haɗa duka huɗun shi ne kowa mashiga ya ke dubawa. Alhali kuwa karatun likita shekara 6 ne in ba a gamu da cikas ba, bayansa ga shekara guda ta koyon aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, ga kuma shekarar hidimar ƙasa. Wanda zai kama tafiya mai tsawo haka, ya kamata ya san inda za ta sauke shi.

WAIWAYE KAƊAN

Wannan darasi tsoho ne. Makarantar koyon likita ta farko a Nijeriya a Yaba aka buɗe ta, cikin Ikko, a 1930. Yara masu ƙwazo sun sha karatu a cikinta, amma da suka fito sai aka ba su muƙamin mataimakin likita, da albashi ƙasa da na wanda ya yi karatu a Ingila, takardarsu kuwa ba ta da aiki in an fita Nijeriya. Ƙorafi a kan darajar takardun Yaba yana cikin abubuwan da suka sa samarin Ikko suka kafa ƙungiyarsu a 1934. Dakta Barau Dikko na Wusasa, wanda a ke lissafawa shi ne likita na farko daga Arewa, a Birmingham ta Ingila ya yi nasa karatun.

A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Asibitin En'e na Adeoyo aka fara dogara da shi, amma aka ga bai kai matsayin da a ke bukata ba, sabo da haka ɗalibai su kan fara a Ibadan su je asibitocin Ingila su ƙarasa, har aka buɗe babban asibitin koyarwa na Ibadan a 1957. Ta wannan hanya Dakta Ishaya Audu ya bi, ya gama a Landan a 1954. A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata makarantar a Kano don horar da mataimakan likita, ba ta kuwa daɗe ba aka rufe ta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe sashen likita a 1967, ta yaye likitocinta na farko a 1972. Daga baya jami'o'in Maiduguri da Jos da Sakkwato da Bayero ta Kano suka biyo sahu.

A wancan zamani hukuma ke zaɓen yaro, ita ke zaɓa masa makaranta, ita ke biya. Yau makarantu sun yi yawa, na Tarayya da na jihohi da na masu zaman kansu, nauyin zaɓe kuwa ya dawo kan uba da ɗansa. Amma abu biyu da tarihin nan ya nuna suna nan daram: ba kowace takarda ce ke da daraja ɗaya ba, kuma makarantar likita ba ta wuce darajar asibitinta. To, ga tambayoyi huɗu da ya kamata a yi kafin a rubuta sunan kowace makaranta.

TA FARKO: TAKARDAR ZA TA KAI GA LASISI?

Hukumomi biyu ke da hannu a nan. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ke yarda jami'a ta buɗe fannin karatu. Amma wadda ke ba likita lasisin taɓa majinyaci ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda a ke taƙaita sunanta MDCN, tushenta kuwa tun 1963. Wannan majalisa ta kan aika masu bincike su dubi malamai da ɗakunan gwaje-gwaje da asibiti, sa'an nan ta yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka a shekara, ta kuma rubuta sunan kowane ɗalibi a littafinta tun yana cikin karatu.

Amincewar nan hawa-hawa ce. Akwai makarantar da aka yarda ta koyar da karatun aji, ba a riga an yarda ta kai ɗalibai gaban majinyata ba. Ɗaliban irin wannan su kan tsaya cik a tsakiyar hanya suna jira, wani lokaci sai an roƙi wata makaranta ta karɓe su. Akwai kuma wadda ta kan kwashi ɗalibai fiye da adadin da aka yanka mata, waɗanda suka yi rara kuwa su ne ke shan wuya ran da aka zo rantsar da sababbin likitoci. Majalisar tana fitar da jerin makarantun da ta amince da su tare da adadin kowace, ana kuwa samunsa a intanet. Malamin da ke da waya a aljihu zai iya dubawa kafin shayinsa ya huce. Haka nan duk gurbin karatu a jami'ar Nijeriya sai ya bi ta hannun JAMB. Wanda ya ce zai shigar da yaro ta bayan gida, to, a gaya masa an gode.

TA BIYU: MAKIN YARO YA KAI INA?

Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, makarantun likita da yawa kuma su kan ce sai a zama ɗaya aka same su. A jarrabawar JAMB kuwa Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji a ke zanawa, jimlar maki 400, sa'an nan jami'a ta yi nata tankaɗe da rairayar. Masu neman likita sun ninka guraben da ke akwai sau da yawa, sabo da haka a galibi jami'a ba ta ko duban wanda bai sa ta a zaɓin farko ba. Ke nan layin farko na fom ɗin nan harsashi ɗaya ne, ba a harba shi sama.

Akwai wata ƙa'ida da iyaye da yawa ba su sani ba. Jami'o'in Tarayya su kan raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina su ke, 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga 'yan jihohin da aka lissafa suna baya a ilmin zamani. Jihar Katsina tana cikin wannan jeri na ƙarshe, tana kuma cikin kewayen jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato. Watau ɗan Daura da ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan yana da ƙofa uku, wanda ya tsallake su ya nufi nesa ya rufe wa kansa ɗaya. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, wadda aka kafa a 2006, ta jiha ce, 'yan jiha kuwa su ne a gaba wurinta.

Aikin malami a nan shi ne faɗin gaskiya. A binciki makin da makaranta ta tsaya a kai bara da bara waccan, a gwada da abin da yaro ya saba samu a aji. In bai kai ba, akwai hanyar share fage, irin ta makarantar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, da jarrabawar IJMB wadda a kan shiga aji biyu da ita in sakamako ya yi kyau ƙwarai. A kuma yi hattara da wani tarko. A kan ba yaro gurbi a fannin sanin ƙirar jikin mutum ko na aikin gaɓoɓi, a ce masa ya shiga, baɗi za a mai da shi likita. Waɗannan fannoni ne masu daraja, amma mai digirinsu ba likita ba ne, waɗanda kuwa a kan mayar ɗin 'yan kaɗan ne. In yaro zai karɓa, ya karɓa da saninsa. Harhaɗa magunguna da jinya da unguwarzoma da aikin ɗakin gwaje-gwaje duk sana'o'i ne da asibiti ba ya tafiya sai da su, ba kuwa abin kunya ba ne yaro ya nufe su tun farko.

TA UKU: INA ASIBITIN?

Shekarar farko kimiyya a ke maimaitawa. Sa'an nan a shiga sanin ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, har da feɗe gawa, a rufe da wata babbar jarrabawa wadda ta kan kori waɗanda suka kasa. Abin da ya rage, wajen rabin karatun duka, a gefen gadon majinyaci a ke yinsa. A nan ne ɗalibi zai koyi sauraren ƙirji da taɓa ciki da karɓar haihuwa da ɗinke rauni, waɗannan kuwa ba a koyonsu a allo.

Sabo da haka kyan ƙofar jami'a da fentin gininta ba su ne abin dubawa ba. Ɗaliban Zariya a asibitin koyarwa na Shika su ke, na Bayero a asibitin Malam Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, na Jami'ar Jihar Kaduna a asibitin da aka sa wa sunan Barau Dikko. Kowace makaranta aka ambata, a tambaya: wane asibiti ne nata? Manyan likitoci nawa ke koyarwa a ciki kullum, ban da masu leƙowa daga wani gari? Ɗalibai nawa ke taruwa a kan gado ɗaya? Amsar waɗannan ba ta cikin takardar talla. Wurin ɗalibin aji biyar a ke samunta, ko wurin likitocin da ke aiki a asibitocin Daura, waɗanda kowannensu daga wata makaranta ya fito. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma maganar irin cututtukan da ɗalibi zai gani. Likitan da zai yi aiki a Zango ko Sandamu kullum zai gamu da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da sanƙarau da tamowa da amosanin jini da saran maciji da doguwar naƙuda, wadda ita ke kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina. Wanda ya koyi aiki a inda waɗannan ke zuwa kowace safiya, ya kuma saba jin bayanin ciwo daga bakin tsohuwa da Hausa, ya riga ya yi rabin shiri.

TA HUƊU: ALJIHU ZAI KAI SHEKARA TA SHIDA?

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne lissafin shekarar farko kaɗai. Gona sau ɗaya a ke sayar da ita, kuɗin makaranta kuwa kowace shekara ya ke dawowa, ba ya kuma raguwa. Ban da shi ga abinci, ga ɗakin kwana, ga littattafai masu tsada, ga kayan aiki, ga kuɗin mota. Ɗalibin likita ba shi da sararin yin wata sana'a a gefe, hutunsa ma gajere ne. Yaron da ke Katsina ko Kano, a ranar da aka aika masa da buhun gero ta Mashi ko ta Kazaure a ranar zai same shi, wannan kuwa abin sawa cikin lissafi ne.

Jami'o'in gwamnati sun fi sauƙin kuɗi, amma yajin aiki ya kan ci lokaci. A 2020 malaman jami'a sun yi wajen wata 9 ba su shiga aji ba, a 2022 kuma wata 8. Na masu zaman kansu ba su cika tsayawa ba, amma kuɗin likita a cikinsu miliyoyin naira ne kowace shekara. Tun 2024 akwai asusun Gwamnatin Tarayya na ba ɗaliban makarantun gwamnati rance, akwai kuma tallafin karatu na jiha. A nemi waɗannan, amma kada a ɗora dukan gini a kansu. Uba ya zauna da 'yan'uwansa tun kafin a cika fom, a san wa zai ɗauki me har ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MAGANAR ƘETARE

Ba na cewa karatun waje ba shi da kyau. Likitoci nagari da yawa a Arewa daga Sudan da Masar da Rasha suka fito, Gwamnatin Jihar Katsina ma a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai Masar koyon likita. Amma wanda gwamnati ta tura yana da mai tsaya masa, wanda dillali ya tura kuwa shi da Allahnsa.

A tuna abubuwa huɗu. Na ɗaya, da dala a ke biya. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500, iyaye da yawa suka ga kuɗin da suka tanada na shekara uku bai kai na shekara guda ba. Na biyu, zaman lafiya. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, da na Sudan da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, duk sun koro ɗalibanmu gida karatu bai ƙare ba, majalisar likitoci kuwa ta ce ba ta karɓar karatun likita da aka yi ta intanet. Na uku, harshe. Ko da a aji da Turanci a ke koyarwa, majinyacin Alƙahira Larabci zai yi. Damagaram ma, wadda ke kusa da mu ta Kwangwalam da Matamaye, tana da jami'a mai sashen likita, majinyatanta Hausa su ke ji, amma karatun da Faransanci ne. Na huɗu, duk wanda ya yi karatu a waje sai ya zana jarrabawar majalisar likitoci kafin a ba shi lasisi, an kuwa yi zaman da wajen rabin waɗanda suka zana suka faɗi.

'YA'YANMU MATA

Kowa ya san yadda matan karkara ke jin nauyin bayyana lalurarsu ga likita namiji, har wata ta zauna da ciwo a ɗaki sai ya ci ƙarfinta. Bukatarmu ga likitoci mata ba ta misaltuwa. Iyayen yarinya su kan fi damuwa da inda za ta kwana da wanda zai sa ido a kanta, wannan kuwa damuwa ce ta gaskiya. Maganinta a je a gani: uba ko wa ko kawu ya taka har makarantar, ya dubi ɗakin kwanan mata da nisansa da asibiti, domin ɗalibar aji biyar ta kan yi aikin dare. In kuma akwai maganar aure, a yi ta a fili da mai nema tun da wuri, a rubuta sharaɗin ƙarasa karatu, kada a bari sai ta kai aji huɗu a ce ta zaɓi ɗaya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Dattijon nan na Baure, tambayoyin nan huɗu na rubuta masa a takarda, na ce ya kai wa mutumin. Bayan kwana goma ya komo ya ce mutumin bai amsa ko ɗaya ba, sai faɗa ya kama yi wai ana ɓata masa lokaci. Muka zauna da yaron da malaminsa na kemistiri, muka auna makinsa, muka ga da sauran aiki. Yanzu yana shirin sake zana jarrabawa, ya kuma san makarantar da zai sa a layin farko da dalilin sa ta. Ko zai samu, wannan na Allah ne. Gonar fadama dai tana nan, an shuka albasa.

Roƙona ga shugabannin makarantun sakandare na ƙasar Daura shi ne kowace makaranta ta keɓe malami ɗaya wanda zai riƙe jerin makarantun da aka amince da su, yana sabunta shi kowace shekara, ya kuma zauna da 'yan ajin ƙarshe da iyayensu wata guda kafin a fara sayar da fom. Akawun da manomi ya kawo wa takardar wata makaranta ya karanta masa, kada ya tsaya ga karantawa, ya tambaye shi wa ya ba shi, nawa aka ce ya biya. Hakimai da dagatai kuma su ja kunnen jama'a game da dillalai, kamar yadda su ke yi a kan sauran masu damfara.

Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya sa su komo su yi wa ƙasarsu aiki. Amin.